Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa ga Shugaban Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa a Kan Alƙaluman Ƙarshen Shekara

Ranka ya daɗe,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan kana lafiya, kai da jami'anka da ke tsaye cikin rana da hazo a kan titunan ƙasar nan, Allah ya ba da ladan aiki.

Ni tsohon malamin lissafi ne, na sha ƙurar alli a makarantar sakandare har na ajiye aiki. Gidanmu yana bakin titin Kano zuwa Zariya, kusancin da in tirela ta taka birki cikin dare sai kwanukan uwargida sun amsa. Ƙanena kuma direban haya ne, bas yake ja, saboda haka labarin hanya da shi muke cin tuwo. Na taɓa riƙe ƙafar wani bawan Allah da yaranka suka zaro daga motar da ta murƙushe, na ga yadda suka yi aikin ba ƙyama, jini har gwiwar hannu. Na faɗi wannan ne domin abin da zai biyo baya kada a ɗauke shi maganar maƙiyi. Gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba.

Maganata a kan alƙaluman da kuke karanta wa 'yan jarida ne, da kuma jimlar da kan biyo bayansu, wadda ke farawa da "wannan ya faru ne sakamakon". A wannan jimlar nake tuntuɓe kowace shekara.

Bari in fara da wata kwana da ke gaba kaɗan da garinmu. Tun muna yara takan ci mota jifa-jifa, a yi watanni shiru, sai a ji wata ta kauce ta faɗa gonar dawa. Wata shekara sai ta zo da zafi, haɗari a kan haɗari cikin damina guda, har da motar 'yan kai amarya. Gari ya tashi tsaye. Matasa suka yi karo-karo suka sayi siminti suka gina tudun rage gudu. Wani ɗan siyasa ya kafa allon gargaɗi, da hotonsa a ƙasa don kada a manta da shi. Motar sintiri ta riƙa fakewa ƙarƙashin wata darbejiya na 'yan makonni. Tsofaffi mata kuwa suka ce ai kwanar tana da mutanen ɓoye, aka yi waina aka raba sadaka. Shekarar da ta biyo baya kwana ta yi lafiya lau. Ran nan a majalisar ƙofar gidan mai unguwa na zauna ina jin musu: matasa na cewa tudunsu ne, yaran ɗan siyasa na cewa allonsu ne, wani na cewa tsoron masu kaki ne. Na ce, to da ba a yi komai ba fa, me zai faru? Aka yi mini kallon wanda ya zo ɓata biki.

Amma tambayar tana nan. Duk manomi ya san shekarar da gero ya yi abin mamaki ba a sa ran baɗi ta kai ta, haka kuma shekarar da ya lalace ƙwarai, wadda ke bin ta yawanci da sauƙi. Abin da ya yi tsalle nesa da yadda ya saba, yakan dawo kusa da gida da kansa. Masana ƙididdiga suna kiran wannan komawa ga matsakaici, kuma tun 1886 Francis Galton ya bayyana shi a Ingila, lokacin da ya lura 'ya'yan dogayen mutane sukan yi tsawo amma a jimlace ba sa kai iyayensu. Matsalar aikin hanya ita ce ba a zuwa gyaran wuri sai bayan shekararsa mafi muni. Ashe ke nan duk abin da aka yi masa, ko fenti aka shafa wa itace, zai fito kamar ya yi magani. Kamar mai maganin da aka kira ranar da zazzaɓi ya kai ƙarshen zafinsa ne: ko ruwan randa ya ba da, gobe za a ce hannunsa da albarka.

Kada a ce wannan ciwon namu ne mu kaɗai. A jihar Konetikat ta Amurka, mutum 324 suka mutu a kan hanya a 1955, adadin da ya tayar da hankalin kowa. Gwamna Abraham Ribicoff ya sa dokar ƙwace lasisin duk wanda aka kama da gudun wuce sa'a, kwana 30 a karon farko, kwana 60 a na biyu. A 1956 mamata suka sauko zuwa 284. Gwamna ya ce dokarsa ta ceci rai 40, aka yi ta tafi. Sai a 1968 wasu masana biyu, Donald Campbell da Laurence Ross, suka koma suka jera alƙaluman shekarun baya da na jihohin maƙwabta. Suka ga adadin dama hawa da sauka yake yi kowace shekara, 1955 kuma ƙololuwa ce, suka ce babu hujja yankakkiya cewa dokar ce ta kawo ragin. A Birtaniya ma, rahoton gwamnati na 2005 ya ce waɗanda suka mutu ko suka ji mummunan rauni a wuraren da aka kafa kyamarar kama masu gudu sun ragu da kashi 42 cikin 100. A ƙarshen rahoton aka ɗauki wani rukunin wuraren aka sake lissafi, sai ga shi fiye da rabin ragin munanan haɗurra da aka gani a can komawa ga matsakaici ne kawai. Kyamarar ta yi aiki, amma rabonta bai kai abin da aka fara ba ta ba. Abin da ya burge ni shi ne a cikin rahoton nasu suka buga wannan, ba su jira wani ya tona ba.

Yanzu mu dawo gida. Alƙalumanku sun nuna mutum 6,456 suka mutu a 2022 cikin haɗurra 13,656. A 2023 mamata suka koma 5,081, haɗurra 10,617. Ragin rai 1,375 ke nan, kusan kashi 21 cikin 100, kuma duk mai imani zai ce alhamdu lillahi. Abin da kunne ya saba ji a irin wannan lokaci shi ne sintiri ya ƙaru, an wayar da kan direbobi a tashoshi, an yi kotun tafi-da-gidanka. Na yarda an yi duk waɗannan. Sai dai, ranka ya daɗe, ka tuna wace irin shekara ce 2023. Watanninta na farko mutane a layin banki suka kwana saboda canjin kuɗi, mai son tafiya ba shi da takardar naira da zai miƙa wa kwandasta. Ranar 29 ga Mayu aka ce tallafin mai ya tafi. Litar fetur da ke ƙasa da naira 200 a farashin hukuma ta haura 500 cikin 'yan kwanaki, a Yuli ta wuce 600. Ƙanena da kan yi sawu biyu a rana ya koma yana wuni a tasha yana jiran lodi ɗaya ya cika, 'yan kamasho na ta kiran "saura mutum biyu" tun hantsi har azahar. Maƙwabcina ma'aikaci ya lulluɓe motarsa da tamfol, kaji suka mayar da ƙarƙashinta gida. Motar da ke lulluɓe ba ta yin karo da kowa. Ko jami'i ɗaya bai fito titi ba a wannan shekara, wani ragi zai samu.

Nawa ne rabon tsadar mai, nawa ne rabon aikinku? Amsar tana cikin kundinku, in an so a duba. A jera watannin 2023 ɗaya bayan ɗaya kusa da na 2022, a ga ko ragin ya yi tsalle daga Yuni. A raba motocin fetur da na gas, tunda tirela da tanka man gas suke sha, kuma shi dama babu tallafi a kansa, tsadarsa tun 2022 ta same su. In ragin ya taru a kan ƙananan motoci da bas-bas, manyan kuma suna nan yadda suke, to mun san wanda za mu tuhuma. In kuwa ragin ya bi hanyoyin da kuka fi yawan sintiri ya bar sauran, to ku karɓi yabo da hannu biyu, ni ne zan fara yi muku.

Abin da ya sa na ga kuna iyawa shi ne abin da ya faru da alƙaluman 2024. Haɗurra sun ƙara sauka zuwa 9,570, amma mamata suka hau zuwa 5,421. Nan da nan hukumarku ta nemo dalili daga waje: mutum 411 daga cikinsu wajen kwasar mai daga tankokin da suka faɗi suka mutu. Gaskiya ne kuwa. Wanda ya ji labarin Majiya ta ƙaramar hukumar Taura a Jigawa, a watan Oktoban 2024, inda wuta ta cinye sama da mutum 150 a dare ɗaya, ya san irin wannan musiba guda tana iya karkatar da lissafin shekara sukutum. Kun yi daidai da kuka ware ta. Roƙona kawai shi ne mudun da aka auna shekarar hawa da shi, a auna shekarar sauka da shi. Bai kamata in adadi ya hau a ce daga waje ne, in ya sauka a ce aikinmu ne ba.

Sai batun sanadin haɗari. Kusan duk rahoton da kuka fitar, ko wanda Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta buga daga bayananku, gudun wuce sa'a ne ke zaune a kan gaba. Ba ni da ja cewa gudu yana kisa, ai darasin da na koyar ne. Motar da ke kan kilomita 100 a awa tana shafe kusan mita 28 a daƙiƙa guda, kafin ƙafar direba ta tashi daga totur ta sauka kan birki an wuce gidaje biyu. In gudu ya ninka, nisan da birki ke buƙata ninki huɗu yake yi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce ƙarin kashi 1 cikin 100 a matsakaicin gudu yana ƙara haɗarin mutuwa da kashi 4. Wannan an san shi ta hanyar awo da gwaji, ba sai an roƙi kowa ya yarda ba.

Inda nake da magana shi ne yadda kalmar take shiga takarda. Jami'i yakan iso bayan ƙura ta lafa. Ga mota a kife, ga taya a fashe, ga rami a tsakiyar kwalta, ga 'yan kallo kowa na cewa "wallahi gudu yake yi". Takarda na da gurbi, sai ya cike da gudu. To a hanyar da kusan kowace mota ke wuce ƙa'ida, dole kusan kowace motar da ta yi haɗari a same ta tana gudu, kamar yadda za a sami kusan duk direbobin da hula a kansu. Dubban da suka wuce wannan wuri da irin wannan gudu a ranar suka isa gida lafiya, ba wanda ya rubuta su. Abin tambaya shi ne me ya bambanta wannan da su. Wataƙila tayar gwanjo ce da ta gama shekarunta a Turai kafin ta zo nan. Wataƙila direban kwana biyu bai runtsa ba saboda balas ɗin mai mota. Wataƙila aikin hanya ne ya mayar da motocin hannu biyu kan hannu ɗaya, kamar yadda muka sha fama tun da aka fara sake gina titin Abuja zuwa Kano a 2018, inda obatekin guda kan zama gaba da gaba. In duk aka tattara waɗannan aka rubuta gudu, laifi ya koma kan direba shi kaɗai, mai alhakin cike rami da mai shigo da ruɓaɓɓiyar taya sun sha. An bar jaki ana dukan taiki.

Haka na'urar ƙayyade gudu da kuka fara tilasta wa motocin haya a Fabrairun 2017. Ni ina goyon bayanta. Amma in wata rana aka zo mana da lissafin cewa motocin da suka sa ta sun fi ƙarancin haɗari, zan tambaya su wane ne suka fara sawa. Mai kuɗin saye ne ke fara sawa, wato manyan kamfanonin sufuri masu garejin kansu, masu sabbin tayoyi, masu direba mai albashi da ba ya tseren lodi. Waɗannan ko ba na'ura sun fi motar ƙanena lafiya. Kwatanta su da motocin tasha kamar kwatanta ɗaliban da ke da littafi da marasa shi ne a ce littafin kaɗai ya raba su, alhali mai littafin ya karya kumallo kafin ya fito.

Watannin "emba" ma, Satumba zuwa Disamba, da kuke yi wa gangami kowace shekara, akwai masu ɗauka wani mugun abu ne ke sauka a cikinsu. Kun sha faɗa cewa ba aljani ba ne, na yaba. Lokacin kaka ne, amfanin gona na tafiya kasuwa, ga bukukuwa, ga masu tafiya Kirsimeti, ga hazo. Mu a nan Arewa Allah ya ba mu ma'auni kyauta: Sallah ƙarama da babba da Mauludi suna matsowa da kimanin kwana 11 kowace shekara, suna zagaya damina da rani da hunturu. Wanda ya bi makon Sallah na shekara 20 a kundinku zai iya raba tasirin cunkoso da tasirin yanayi, ba tare da an kashe ko sisi ba. Ɗalibin jami'a ɗaya zai yi wannan aiki, in an ba shi alƙaluman.

Akwai kuma abin da ya fi duk waɗannan nauyi a raina, wato su wa ake ƙirgawa. A 2016 Najeriya ta ba da rahoton mamata 5,053 a kan hanya. Hukumar Lafiya ta Duniya, a rahotonta na 2018, ta ƙiyasta na 2016 ɗin da 39,802. Ko an ce ƙiyasin ya yi yawa a raba shi biyu, tazarar tana da ban tsoro. Mu da ke ƙauye mun san inda sauran suke shiga. Babur ya kaɗe mutum da hantsi a hanyar kasuwa, kafin la'asar an yi masa sutura, ba wanda ya kira lambarku ta gaggawa, 122. Wani a kai shi wurin maɗori, ya cika bayan mako guda. Ma'aunin da duniya ke bi shi ne duk wanda ya mutu cikin kwana 30 da haɗari a lissafa shi, amma wa ke bin sawun wanda aka sallama daga asibiti ya koma gida? To in abin da ke shiga littafi ɗan yanki ne na abin da ke faruwa, hawansa da saukarsa na iya zama labarin masu rubutawa ne. Jihar da aka buɗe wa sabbin ofisoshi za ta ga haɗurranta sun "ƙaru". Shekarar da man motar sintiri ya yi wuya za su "ragu". Tsadar man 2023 ai ba motocin haya kaɗai ta taɓa ba.

Na san abin da wani zai ce: malam, rai ake ceto, kai kana lissafi. Amsata ita ce kuɗin gyara ba su da yawa, kuma duk naira da aka zuba a maganin da bai yi aiki ba an hana ta wanda zai yi. A Janairun 2009 da aka tilasta hular kwano, har ƙwarya wasu 'yan acaɓa suka riƙa kifawa a ka don su wuce shinge. Wanda ya ƙirga kawunan da ke rufe a lokacin zai ce doka ta karɓu. Hular gaske tana ceton rai, an tabbatar, amma ƙwarya ta shiga lissafi a matsayin hula.

Ga shawarar da nake ganin ba ta fi ƙarfinku ba. Tunda dama ba a iya gyara duk munanan wurare a shekara guda, in kun tantance 40 da suka yi kama da juna a muni, ku jefa ƙuri'a. Ashirin a taɓa su bana, ashirin baɗi. Duka za su sauko daga ƙololuwarsu, amma in waɗanda aka taɓa suka fi sauka, wannan bambancin naku ne halak malak, ba mai ƙwace muku shi. Kuma a riƙa duba shekara uku zuwa biyar kafin gyara da bayansa, shekara guda ba ta isa shaida ba. A sa masu ƙirga motoci a manyan hanyoyi, ko 'yan hidimar ƙasa ne da takarda da biro, domin a riƙa faɗa mana mutum nawa suka mutu cikin motoci nawa da suka wuce. Sannan a saki alƙaluman wata-wata, hanya-hanya, a intanet, yadda malaman jami'o'in Bayero da Ahmadu Bello da Usmanu Ɗanfodiyo za su iya ɗauka su juya su. Za su gano abin da ba zai yi muku daɗi ba, za su kuma gano inda kuka yi ƙoƙari ba wanda ya lura. Hukumar da aka kafa tun 1988, wadda shugabanta na farko Wole Soyinka malamin jami'a ne, bai kamata ta ji nauyin a duba mata lissafi ba.

Kwanar garinmu kuwa tana nan. Tirela sun niƙe tudun tun tuni, saura ɗan kumburi da babura ke kewayewa. Allon ya yi tsatsa, mai hoton ya canja jam'iyya sau biyu. Bara ta sake cin wata motar kasuwa, an fara maganar sabon karo-karo, kuma an ce ni zan riƙe kuɗin tunda na iya lissafi. Kafin in karɓi ko naira ɗaya daga hannun mutane, ina roƙon ofishinka ya ba mu abin da aka rubuta a kan wannan yanki na hanya cikin shekara goma da suka wuce, kowace shekara da nata, mu ga ko siminti za mu saya ko kuwa faɗaɗa kwanar za mu je mu nema.

Wassalam.

Naka,
Tsohon malamin lissafi,
daga bakin titin Kano zuwa Zariya.